Mutum-mutumi da Tunawa da Magabata a Ƙasar Ruma

Al'ummar Ruma, wato yankin Batsari da Safana, ta adana tarihin jarumai irin su Ɗanwaire a kirari da waƙar baka, ba ta sassaƙa siffarsu ba, kuma dalilin wannan yana cikin fiƙihu. Malaman mazhabar Malikiyya sun haramta surar abu mai rai idan cikakkiya ce mai inuwa, wato wadda ta tsaya da jikinta kamar gunki, suna kafa hujja da bayanin Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu siffofin salihan bayi ne, aka kafa su don tunawa, har jikoki suka mayar da su abin bauta.

Sai dai haramcin bai shafi gini da zayyana ba, wato adon da magina ke yi wa bango. Alal misali, Katsina ta tuna da Wali Ɗanmasani, marubucin ƙarni na 17, ta hanyar unguwar Masanawa, kuma Hasumiyar Gobarau tana tsaye ba fuskar kowa a jikinta. Saboda haka bangon makarantun Batsari da Safana ya cancanci a ƙawata shi da rubutun ajami da sunayen mawaƙan yankin.