Kuɗin Motar Mai Reno: A Wuyan Wa Yake?

Akwai tambayar da magidanta, musamman na birane, suke yawan kawo mana: idan iyali sun ɗauki mai reno wadda ba ta kwana a gidansu, wajibi ne su biya mata kuɗin mota, ko albashi kaɗai ya isa? Amsarmu ita ce ya kamata su biya, kuma za mu faɗi dalili.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da 500, a 2024 kuma ta haye naira 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu, amma a gidaje da yawa albashin mai reno yana nan inda aka bar shi.

Mu dubi Abuja. Matar da ke renon yara a Wuse ko Garki ba ta da halin kama haya a can. Galibi tana zaune a Mararraba ko Masaka, cikin jihar Nasarawa, tana fitowa tun gari bai waye ba domin uwargida ta isa ofis a kan lokaci. A ce albashinta naira 50,000 ne, zuwa da dawowa kuma yana cin 1,500 a rana. Cikin kwana 26 hanya ta cinye 39,000. Abin da ya rage, da shi za ta ciyar da nata 'ya'yan har wata ya ƙare. Kuma su wa suka tsayar da lokacin zuwanta da na tashinta? Iyalin ne. Ranar da maigida da uwargida suka yi dare a waje, ita ce za ta tsaya a bakin titi sa'ad da motoci suka yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau.

Wani zai ce, "Ai mun yi ciniki, ta kuwa yarda." Tun 1891 Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum, ya koyar da cewa yardar ma'aikaci ba ta mai da lada ya zama na adalci idan tilas ce ko tsoron abin da ya fi muni suka sa ya yarda. Wadda yunwa ke jira a gida ba ta da bakin jayayya. Wani kuma zai ce, "Ni ma daga albashina nake biyan kuɗin mota." Gaskiya ne, ba ma raina wannan nauyi. Amma ma'aikacin gwamnati yana da ƙungiya mai yi masa faɗa, yana da dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Dokar nan ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka mai reno ba ta da abin dogara sai lamirin mutanen gidan da take wa aiki. Ekilisiya kuwa ta daɗe tana lissafa tauye ladan ma'aikaci cikin zunuban da kukansu ke kaiwa sama.

Akwai masu cewa mafita ita ce ta dawo gidan da kwana. Wani lokaci hakan yana da kyau, in ita ta so. Sai dai mun ga inda wannan dabara takan kai: a raba uwa da 'ya'yanta domin ta kula da namu, ko a sallame ta a ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye, wadda makaranta ce wurinta, domin ita ba ta bukatar kuɗin mota kuma ba ta iya ƙorafi.

Iyalin da ƙarfinsu bai kai ba, su zauna da ita su faɗa mata gaskiya. Ana iya rage ranakun zuwa, ana iya rage mata hanya da motar gida har zuwa tasha. Masu hali kuma su ware kuɗin mota daban da albashi, su riƙa ba ta kowane mako, su sake lissafa shi duk lokacin da farashin mai ya motsa, ba sai ta buɗe baki ta roƙa ba.