Maganar da Malam Ya Katse

A Tudun Wadar Kaduna an yi wani malamin sakandare da ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa. Fara ce, haɗin Kakuri, daga masana'antar da ta fara aiki a 1975. Abokansa duk sun koma motocin Japan, shi kuwa ko a jikinsa. In sun zolaye shi sai ya tuna musu cewa irinta ce ta ci gasar Safari ta Kenya a waccan shekarar, don haka hanyar Zariya ba za ta ba ta tsoro ba.

Ba ya yarda kowa ya taɓa masa ita. Kowace Asabar zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifanu, ya ɗaga bonet. Shi ke yi mata juye, shi ke goge filogi, ya saita kwantak, ya wanke kafireto. Duk a waya ya koya, kuma hannunsa ya faɗa, har maƙwabta suka fara kawo masa nasu ya duba.

A ƙarshen layin akwai wani tsohon makanike da kowa ke kira Baba. A masana'antar ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya buɗe gareji, da ido ya yi rauni ya bar wa yaransa.

Wata rana cikin bazara, Malam na dawowa daga Zariya, motar ta tafasa a daidai Jaji. Ya jira ta huce, ya ƙara ruwa, ya lallaɓo gida. Washegari salansa na fitar da farin hayaƙi, lagireto na kumfa. Ya gane gasket ɗin kan injin ya ƙone, kuma ya gane daidai. Ya je Panteka ya sayo sabo.

Ran Asabar yana kwance kusoshi, Baba ya biyo zai tafi masallaci.

"Sannu da aiki, Malam. Kan injin za a sauke?"

"Shi ne, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. To ɗana, in ka sauke shi, kafin ka…"

"Kada ka damu, Baba, na kalli yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe. Aikin yini ɗaya ne."

Baba ya dubi injin, ya dubi Malam, ya ce, "To, Allah Ya taimaka." Ya wuce.

Malam ya ɗaga kan injin. Saman fistin duk ya yi baƙin dauɗa, sai ya yi abin da ya ga mai bidiyon ya yi: ya sa sifana a karanshaf yana juyawa, kowane fistin ya hauro ya kankare shi tas. Ya ɗora sabon gasket, ya ɗaure, ya zuba ruwa da mai. Bugu ɗaya ta tashi. Yara suka yi ihu, uwargida ta leƙo ta yi masa barka.

Ba a yi nisa ba ruwan lagireto ya fara raguwa, ba kuwa ɗigo a ƙasa. Da ya zaro ma'aunin mai, sai ga baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Ya sake kwancewa, ya juya gasket ɗin gaba da baya, lafiyarsa ƙalau. Daren nan bai yi barcin kirki ba. Da aka idar da sallar Asuba ya bi Baba har ƙofar gida, ya durƙusa.

"Baba, ran nan ka fara magana na katse ka. Ka yi haƙuri, ka ƙarasa mini."

Baba ya yi murmushi. "Ka juya injin bayan ka sauke kan?"

"Na juya."

"Shi ke nan. Maganar ke nan."

Suka taho tare. Baba ya sa yatsa a bakin silinda ya ce masa ya taɓa. "Motar da ka gani a waya, ramin silindarta a jikin bulok yake, ka juya ta har gobe ba abin da zai motsa. Fijo ba haka take ba. Kowane fistin a cikin silib yake, silib ɗin kuma zura shi aka yi, ruwa na zagaye da shi. A gindinsa akwai wani ɗan siririn sil da ke raba ruwa da mai. Abin da ke danne silib ɗin kan injin ne. Da ka sauke shi ka juya, ringi ya ja silib sama, sil ya saki. Ruwanka ta ƙasa yake bi, kai kana nemansa a sama."

"Da me ya kamata in yi?"

"Manyan washa da gajerun kusoshi, ka danne bakin kowane silib kafin ka taɓa karanshaf. Kan ma ba a fizge shi sama, gefe ake fara gocar da shi don kada ya taso da su."

Aikin yini ɗaya ya koma na makonni. Aka sauke kaskon mai, aka zaro fistin da silib duka huɗu, aka sake sil. Baba na zaune a benci, Malam ne ke riƙe da sifana. Ya koya masa ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan injin don a ga ko zafi ya lanƙwasa shi, tunda na alminiyom ne, da ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo. Ya kuma sa aka kai lagireto wanki, aka tarar gishirin ruwan rijiya ya toshe shi, wanda shi ne asalin tafasar.

Da aka gama, Malam ya ce, "Baba, me ya hana ka tsaya ka faɗa mini ko da na katse ka?"

"Ɗana, wanda ya ce ya sani, in ka matsa masa, gardama za ku yi. Na bar motar ta faɗa maka, ita ba a katse ta."

Malam bai daina gyaran motarsa da hannunsa ba, Baba ma bai ce ya daina ba. Abin da ya sani gaskiya ne, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don mai shi ba ya ganin inda saninsa ya tsaya. In wanda ya riga ka shiga sana'a ya buɗe baki, bar shi ya kai aya. Sauraron bai fi na minti ɗaya ba, kuma ya fi sauke injin sau biyu araha.