Madarar Tunkiya da Mas'alar Sababi

Tunkiya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 147 zuwa 150, kuma tun kafin ta haihu jikinta yake fara tanadin abincin ɗanta. Wannan tanadi yana gudana ne ta hanyar wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda wata gaɓa ke zubawa cikin jini su isar da saƙo ga wata. An yi nazarinsu sosai a jikin tumakin da ake kiwo domin tatsa, irin su Lacaune ta Faransa, wadda da madararta ake yin cukun Roquefort, da Awassi ta Gabas ta Tsakiya, da Sarda ta tsibirin Sardiniya a Italiya.

A watannin ciki, homon ɗin furojestaron ne ke riƙe da cikin. Shi da istirojin da wani homon da mabiyiya ke fitarwa su ke gina hantsa, amma kuma furojestaron ɗin yana hana madara kawowa kafin lokacinta. Idan haihuwa ta gabato, daga jikin ɗan tayin alamar take fitowa: yana fitar da kotizol, wanda ke sa mabiyiya ta rage furojestaron ta ƙara istirojin, naƙuda ta tashi. Likita Graham Liggins na New Zealand ne ya tabbatar da haka a shekarun 1960 ta gwaji a kan tumaki. A daidai lokacin furolaktin yana hauhawa, hantsa ta cika da dakashi. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki ta a-zo-a-gani, domin mabiyiyar tunkiya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa gare shi. A dakashi yake samun su, kuma a yinin farko kawai hanjinsa ke iya tsotse su.

Da zarar ɗan ya kama nono, ko mai tatsa ya taɓa hantsa, sai a saki oksitosin, wanda ke matse ƙananan jakunkunan madara ta sauko. Idan tunkiyar ta firgita, adirenalin yakan tare wannan saukowa. Binciken da aka yi a Kambirij ta Ingila a shekarun 1980 ya nuna cewa oksitosin ɗin nan, a cikin ƙwaƙwalwa, yana da hannu wajen sa uwa ta karɓi ɗanta. Cikin 'yan sa'o'i take riƙe ƙanshinsa, daga nan ta tunkuɗe ɗan wata idan ya matso. A makonnin farko homon ɗin girma yana ƙaruwa, insulin yana raguwa, sai jikinta ya karkatar da abinci zuwa hantsa, har ta narkar da kitsenta ta rame. Madara takan kai ƙololuwa wajen mako na uku zuwa na biyar, sannan ta riƙa ja baya. Idan aka bar ta a hantsa ba a tatsa ba, hantsar takan rage aiki har ta ƙafe.

A nan tambayar addini take tasowa. Aya ta 66 ta Suratun Nahli ta sanya madarar dabbobin ni'ima cikin abubuwan lura da ɗaukar darasi. To, idan an gano sinadarin da ke bayan kowane mataki, har da na ƙaunar uwa ga ɗanta, wa za a jingina wa aikin? Sinadarin ne mai yi, ko kuwa shi sababi ne kawai?

Malaman Musulunci sun yi wannan muhawara tun ba a san homon ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi a kan cewa haɗuwar sababi da sakamakonsa, kamar wuta da ƙonewar auduga, ba tilas ba ce a hankalce. Al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma Shi ne mai halitta sakamakon. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa wanda ya kore tasirin sababai ya kore ilimi, domin a tsarin sababan ne hikimar Mahalicci take bayyana. Ra'ayi na farko shi ya yaɗu a zaurukan karatu na ƙasar Hausa ta hanyar littattafan tauhidi na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, inda ake bambanta hukuncin hankali da na al'ada da na shari'a.

A ma'aunin Sanusi, duk abin da aka bayyana a sama hukuncin al'ada ne: an san shi ta maimaituwa da gwaji. Gwaji yana nuna abin da ke biyo bayan wani, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa aka tsara jikin uwa ya ciyar da wani daga kitsensa, ko kariyar ɗa ta iso a ranar da yake buƙatarta. Saboda haka gano oksitosin bai rage wa ƙaunar tunkiya daraja ba, hanyar da ta biyo ya nuna.

Ɓangarorin biyu kuma sun haɗu a kan aiki, domin babu wanda ya halatta watsi da sababi. Shari'a ta hana ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya na kwanaki don hantsa ta kumbura a yaudari mai saye, ta kuma ba shi zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Wanda ya san cewa tsoro yana tare madara, yunwa tana cin jikin uwa, ɗa kuma yana iya mutuwa idan ya rasa dakashi, hujja ta tsayu a kansa. Wajibi ne ya ƙosar da uwar, ya tatse ta cikin natsuwa, ya bar wa ɗan rabonsa kafin ya ɗebi nasa.