Cuta Uku a Jiki Ɗaya, Ko Jifa Ne?

A wajenmu, daga Ruwan Gizo har Bakura da Maradun, ciwo in ya daɗe akwai hukuncin da ake yanke masa: "Wannan ba na asibiti ba ne." Hujjar ba ta wuce cewa likita ya kasa tsayawa a kan cuta ɗaya ba. Ni da wannan hujjar nake jayayya, kuma ta fuskar addini.

Gwaggona ta sha fama. Da hunturu, in ta tsoma hannu a ruwan randa da asuba, sai yatsunta su yi fari fat, su dushe, sannan su dawo da zogi. Gaɓoɓi suka kumbura, aka ce sanyin ƙashi ne. Can fatar yatsun ta ɗame ta yi tauri. Daga baya ɗora tulu a ka ya gagare ta, tashi daga tabarma ma sai an kama ta. A asibitin koyarwa na Sakkwato aka gwada jini, likita ya ce: "Mama, akwai alamar lupus, akwai ta taurin fata, akwai ta kumburin tsoka. Haɗuwa suka yi, sai mun ci gaba da dubawa." Kafin mota ta iso Mafara 'yan rakiya sun gama fatawa: cuta uku a jiki ɗaya, in ba jifa ba mene ne?

Alhali ukun nan tushensu guda. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa abin da ke riƙe fata da gaɓoɓi da hanyoyin jini. A 1972 wani likita a Amurka, Gordon Sharp, da abokan aikinsa suka bayyana majinyata masu wannan gauraye, da wata alama a jininsu, anti-U1 RNP. Mata ta fi kamawa, kuma babban hatsarinta hawan jini a hanyoyin huhu. Har yau masana na gardama ko cuta ce mai zaman kanta ko zango ne kafin ta nuna inda ta dosa.

Allah ne ya halicci cutar, iyakokin da ke cikin littattafai kuwa mutane suka shata domin su san abin da za su rubuta. Ruwan Bakolori in ya malalo bai san inda gonar wane ta ƙare ba. Don halitta ta tsallake layinmu sai mu ce da sa hannun maƙiyi?

An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 da cewa bai sani ba. Muna jin haka a karatun zaure mu ce tsantseni ne. Likita ya yi irinsa mu ce ya gaza. Wanda ba ya taɓa jinkirin amsa shi ne mai lasifika a kasuwa, ya faɗa maka cutar, ya ƙara maka da wadda ta yi aikin. Ba na musun sihiri, addu'a da ruƙiyya kuma muna yi. Amma ɗora wa kishiya laifi kan zato zalunci ne, kuma a gidanmu an yi shi.

Gwaggo tana shan hydroxychloroquine da prednisolone, tana komawa a duba huhu da ƙoda. Da aka kai wa limaminmu batun alwalarta, bai nemi sanin ko cuta ɗaya ce ko uku ba. Ya tambaya ko ruwan sanyi yana ƙara mata ciwo, aka ce e. Ya ce a ɗumama mata, ran da babu hali kuma ta yi taimama, domin a Malikiyya tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ya isa uzuri.