Gani Ba Izinin Yanka Ba Ne

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ni kuwa tambayata ita ce: shin gani yana korar shawara?

Abin da ya kawo ni ga wannan tambaya wani rini ne mai suna 5-ALA, wanda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ke amfani da shi. Majiyyaci kan sha shi kamar awa uku kafin a yi masa allurar barci. Ƙwayoyin ƙari su juya shi zuwa wani sinadari da ke taruwa a cikinsu, da an haska shuɗin haske sai ƙarin ya yi ja-ja. A 2006, binciken Walter Stummer na Jamus ya nuna an cire ƙarin ƙwaƙwalwa ƙarƙaf a kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki da rinin, amma kashi 36 kacal a waɗanda aka yi wa da farin haske. Turai ta amince da shi a 2007, Amurka a 2017. An kuma gwada shi a kan ƙarin laka.

A nan ne batun ya yi nauyi. Laka kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, kuma ta cikinta saƙon tafiya da na riƙe fitsari ke bi. Wani ƙarin yana da iyaka, a ɓanɓare shi salin alin. Wani kuwa ya cakuɗe da lafiyayyun jijiyoyi. Rini zai nuna inda cuta take, ba zai faɗi abin da mutum zai rasa idan an yanke wurin ba.

Mu ɗauki ɗan dako a kasuwar Mont-Bouët ta nan Libreville, wanda ƙafafunsa ne jarinsa. A cire duk abin da ya haska, wataƙila cutar ta daɗe ba ta dawo ba, amma ya koma kan keken guragu. A bar saura, ya tashi da ƙafarsa, cutar na iya dawowa. Wani zai zaɓi na farko, wani na biyu, kuma ba wanda ya yi wauta.

A ganina, wannan zaɓi na mai jikin ne. Tunda yana barci lokacin da rinin ke haskawa, wajibi ne likita ya zauna da shi tun kafin ranar, cikin harshen da yake ji, ya tambaye shi iyakar abin da zai iya rasawa. Likitan da ya ga ja ya janye hannu domin alkawarin da ya ɗauka ya cika amana.