Wayar da Aka Ɓoye a Ban Ɗaki: Wa Aka Cuta?

A watan Afrilun 2015 aka yi gasar wasan ces, wato darar Turawa, a Dubai. Buɗaɗɗiyar gasa ce, kowa na iya shiga, gwani da ɗan koyo. Gaioz Nigalidze, zakaran ƙasar Jojiya har sau biyu, ya zauna da Tigran Petrosian na Armeniya. Petrosian ya lura abokin karawarsa na yawan tashi zuwa ban ɗaki, kuma ɗaki guda yake shiga. Ya kai ƙara. Alƙalai suka bincika, sai ga waya a ɓoye, manhajar ces na nazarin wasan da ke kan allo. Hukumar FIDE ta dakatar da shi shekara 3, ta kuma karɓe muƙaminsa na babban gwani.

To, wani zai ce: ai bai sa hannu a aljihun kowa ba, wa ya cuta?

Ga yadda abin yake. Kowane ɗan wasa yana da maki da ke nuna ƙarfinsa. In manyan gwanaye biyu masu maki ɗaya suka kara, mai nasara ya samu 5, wanda aka ci ya rasa 5. Kun ga ke nan makin daga jikin wani ake yankowa. Da shi ake gayyatar mutum gasa, da shi ɗalibai ke nemansa. Abincin wani aka taɓa.

Wani kuma zai ce: ai duk gwanayen nan da kwamfuta suke shiri a gida. Gaskiya ne. Amma na gida karatu ne, kowa ya sani, kowa ya yarda. Da ka zauna kuka yi musafaha, ka yi alkawarin cewa kanka ne zai yi aiki. Alkawarin nan shi aka karya.

Jama'a, mu da ke zaune nan Kudu mun san wannan. Iyayenmu sun yi cinikin goro da shanu bisa bashi, ba takarda, sai suna. Maki ma suna ne da aka rubuta da lamba. Yaronmu da ya shiga jarrabawa da waya a safa, shi ma gurbin wani yaro ya ɗauke, wanda ya kwana yana karatu. Kafin mu taya shi murna, mu tambaye shi yadda aka yi.