Rufin Asiri Ko Cin Amana?

Shekarun baya na halarci jana'izar wani dattijo a wani gari da ba zan ambata ba. Mutum ne mai mutunci, ya yi fiye da shekara 30 da matarsa, ba a taɓa jin kansu ba. Ana shirin fita da gawa daga majami'a sai ga wata mace ta iso da yara biyu. Ba ta ce uffan ba, ba ta kuwa bukatar cewa kome, gama duk wanda ya dubi fuskar babban yaron ya ga marigayin. Bayan kwana kaɗan gwauruwar ta faɗa mini maganar da har yau take zuciyata. Ta ce, "Baba Fasto, ba mutuwarsa ce ta fi yi mini ciwo ba. Yanzu ban san wanda na zauna da shi ba. Ko dariyar da muka yi tare, ban san wadda take ta gaskiya ba." Daga baya aka gane cewa ƙanen mijin da wani amininsa sun san zancen tun farko. Da aka tambaye su, sai suka ce rufin asiri suka yi.

Wannan amsa tasu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, har mukan roƙi Allah ya rufa mana asiri. To, yaushe ne shiru yake zama alheri, yaushe kuma yake zama cin amana? Wanda ya yi zina a ɓoye, ya tuba a gaban Allah, wajibi ne ya faɗa wa abokin aurensa?

Bari mu fara da yarda cewa akwai shiru mai kyau. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A Matiyu sura 1, sa'ad da Yusufu ya ga Maryamu da ciki, bai kuwa riga ya san daga Ruhu Mai Tsarki ne ba, ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce don kada ya kunyata ta. Macen da ba ta kai talaucin mijinta bakin rijiya, da mijin da ba ya tallar kasawar matarsa a wurin hira, su ma rufin asiri suke yi, Allah kuwa yana jin daɗinsa.

Amma mu dubi wani shirun dabam, a 2 Sama'ila sura 11. Yowab da rundunar Isra'ila suna kewaye da Rabba, sarki Dawuda yana zaune a Urushalima. Ya ga Bat-sheba, ya aika aka kawo ta, ta yi ciki. Daga nan kowane mataki da ya ɗauka na ɓoyewa ne. Ya kira mijinta Uriya daga bakin dāga don ya kwana a gida a ce cikin nasa ne, Uriya ya ƙi. Ya sa shi ya bugu, duk da haka bai tafi gida ba. A ƙarshe ya rubuta wasiƙar mutuwar mutumin, ya ba shi ya kai da hannunsa. Ba Uriya kaɗai ya mutu a bakin garun nan ba, waɗansu sojoji ma sun fāɗi tare da shi. Zunubin dare ɗaya ne, amma ɓoye shi ya ci rayukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ga ma'aunin da nake gani zai raba mana shirun nan biyu. Mu tambayi kanmu, wa shirun yake kārewa, wa kuma ake ɓoye wa? Yusufu ya so ya kāre wata daga bakin duniya. Dawuda yana kāre kansa ne daga mutumin da ya fi kowa hakkin sani. Rufin asiri na gaskiya katanga ce da miji da mata suke ginawa kewaye da gidansu. In aka gina katangar a tsakiyar ɗaki, tsakanin mutum biyu da Allah ya mai da su jiki ɗaya, ta tashi daga rufin asiri ta koma yaudara. Ba kuwa zina kaɗai take gina irin wannan katanga ba. Bashin da aka ci a ɓoye, filin da aka saya da sunan wani, albashin da ba a taɓa faɗar adadinsa ba, duk tubalinta ne. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasarmu a 2001, an ƙara samun sabon tubali: wayar da ake kifewa, da kiran da ba a amsawa sai an fita waje. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wani zai ce, "Na riga na tuba, na rabu da abin. In na faɗa, gidana zai rushe, yara su wahala. Abin da ba ta sani ba, ba zai dame ta ba." Kada mu yi saurin raina wannan magana, gama sau da yawa tsoro na gaske ne yake bayanta. Duk da haka ina da dalili uku da suka hana ni karɓarta.

Na fari, abin da mutum bai sani ba yana iya kashe shi. An fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, masu bi da yawa kuwa sun ɗauke ta a kan gadon aurensu, ba su taɓa taka ko'ina ba. Yau akwai magani da yake danne ƙwayar cutar, mai shansa yadda ya kamata yakan yi tsawon rai, uwa kuma takan haifi jariri lafiyayye. Amma maganin ba ya amfanar wadda ba ta san tana bukatar gwaji ba. A nan shiru ɗan'uwan kisankai ne.

Na biyu, ramin ƙarya ƙurarre ne, yakan kuwa rufta a kan marasa laifi. Yaran nan biyu da suka tsaya a ƙofar majami'a ba su yi wa kowa laifi ba, amma su aka zuba wa ido, su ne kuma za su shiga rigimar gādo. Wanda ya ɗaura aure a ƙarƙashin Dokar Aure ta ƙasa, ya koma ya ɗaura wani a ɓoye bisa ga al'ada, ya karya doka, ya kuma bar mace ta biyu da 'ya'yanta cikin halin rashin tabbas. Yanzu ma da gwajin DNA ya samu, abin da aka binne shekara 20 yakan fito a takarda guda.

Na uku, shi ne mafi nauyi. Mai ɓoyewa yana yanke hukunci shi kaɗai a kan ran mutum biyu. Ya ƙwace wa matarsa ikon yin fushi, da ikon yin kuka, har da ikon yin gafara. Ƙaunar da take nuna masa kullum, wani mutum ne dabam take nuna wa, wanda ba ya nan. Shi kansa ya san haka, shi ya sa ba ya samun hutawa. Zabura 32 ta kwatanta yadda shirun mai laifi yake cin jikinsa har ƙashi.

Wannan bai nuna cewa a faɗa ta kowace hanya ba. Akwai mai furta laifi don ya sauke kayansa a kan wani, ya tafi ya yi barci. A zaɓi lokaci, a nemi dattijo ko fasto mai riƙe magana, a faɗi gaskiya ba tare da ɗora laifin a kan Shaiɗan ko a kan abokin aure ba, ba kuwa lalle a bi kowane ƙazamin bayani dalla-dalla ba. Macen da take tsoron duka ko abin da ya fi duka, kada ta yi wannan magana ita kaɗai a ɗaki. Su kuma dangi da abokai da suka sani, aikinsu irin na annabi Natan ne: su tafi wurin mai laifin su faɗa masa ido da ido, su ba shi zarafi ya gyara da bakinsa. Yi masa gadin ƙofa tarayya ce cikin laifin.

Dole ikkilisiya ma ta binciki ma'auninta. A Yahaya sura 8, mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, alhali zina ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Har yau sau da yawa mace ce take zama a kujerar horo domin ciki ba ya ɓoyuwa, namijin kuwa yana gaba yana karanta sanarwa. In miji ne ya fāɗi, sai a ce wa matar ta yi haƙuri, haka maza suke. In ita ce, sai a ɗaure mata kaya. Alkawarin da suka ɗauka a gaban bagade iri ɗaya ne, nauyinsa kuma ɗaya ne.

Saura tambaya ta ƙarshe: bayan gaskiya ta fito, sai me? A nan mukan haɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato gafara da amincewa. Gafara umarni ce ga kowane mai bi, kyauta ce kuma, ba a sayenta. Amincewa kuwa gini ce, da kaɗan kaɗan take tashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Matar da ta gafarta, amma har yanzu gabanta yana fāɗuwa in miji ya yi dare, ba ta yi zunubi ba. Mai tuba na gaske ba ya cewa, "Ba kin ce kin yafe ba?" Yakan buɗe wayarsa, ya faɗi inda za shi, ya yanke hulɗa da waccan, ya ɗauki nauyin yaron da aka haifa a fili. Zakka bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace har ninki huɗu.

Dokar shari'ar aure ta 1970 ta yarda a nemi kashe aure in ɗaya ya yi zina, ɗayan kuma ya ga ba zai iya jure zama da shi ba. A Matiyu sura 19 Ubangiji ma ya ambaci fasikanci sa'ad da yake magana a kan saki. Amma bai umarta a yi sakin ba, labarin Yusha'u da Gomer kuwa yana nuna cewa abin da ya fashe yana iya gyaruwa. Na ga gidajen da suka tashi bayan irin wannan fāɗuwa, na kuma ga waɗanda ba su tashi ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne gidan da ƙarya ta warkar.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, in akwai abin da kake addu'a kada abokin aurenka ya sani, kada ka bar shi sai ranar jana'izarka, lokacin da ba ka da bakin neman gafara, ita kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Ubangiji ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya tun muna da rai, ya kuma ba waɗanda aka ci amanarsu ta'aziyya. Amin.